Layi na Sha Bakwai

Autar gidanmu, tun tana 'yar shekara biyar muke kiranta Wakeji. Baba kan bar rediyo a kunne ya fita, ita kuwa ta tsaya a kansa tana tambaya, "Yaya, mutumin nan da ke magana, ya san wa ke ji?" Kullum sai ta yi tambayar nan, har sunan ya bi ta. Ni na goya ta, ni na sha ciwon kan tambayoyinta, don haka ina da bakin ba da labarinta.

Yanzu injiniyar kwamfuta ce a wani babban asibiti. Kar ku zaci ofis mai labule. Wani ɗaki ne a ƙasan bene, jikin gidan janareta, ba taga, sanyi kamar cikin firij. Shekararta takwas a ciki da wata rigar sanyi ruwan toka, na yi na yi ta jefar ta ƙi.

Na taɓa tambayarta me take yi a ramin nan. Ta ce kowane sashe yana da manhajarsa: ta likitoci, ta ɗakin magani, ta ɗakin gwaji. Ba sa kiran juna. Idan abu ya faru, manhajar sashen sai ta yi shela a kan wani layi, "an kwantar da wane," ko "sakamakon jini ya fito," ta ci gaba da harkarta. Duk manhajar da ke son irin labarin sai ta yi rajista a layin, saƙo ya riƙa zuwar mata. Mai shela bai san masu saurarensa ba. Ita kuma tana kula da na'urar tsakiya mai raba saƙonnin. Na ce, "Wato cikin rediyon Baba kika koma." Ta ce ashe na gane.

Bara aka kawo musu sabon shugaba, mutum mai sauri, takalminsa na riga shi isowa. Ya ce za a koma sabuwar na'ura, kuma duk layin da takarda ba ta nuna mai rajista a kansa ba, a rufe shi. Layi na sha bakwai yana ciki. A nan manhajar likitoci ke shelar abin da aka hana mara lafiya ci. Gurbin masu saurare fayau. Amma Wakeji ta lura saƙonnin ba sa taruwa, da sun faɗo wani ke kwashewa, daga wata tsohuwar lamba da ba wanda ya san ɗakinta.

Ta ce, "Yallaɓai, akwai mai ji."

"Waye?"

"Ban sani ba tukuna."

"To abin da ba ki sani ba ne zai tsayar mana da aiki?"

Ya ba ta kwana uku: ko ta sa hannu a rufe, ko ta bar wa wani kujerar. Da ta zo gidana ta faɗa min, wallahi cewa na yi ta sa hannu. Na ce ke da 'ya'ya biyu, za ki zubar da aikinki a kan wata lamba? Har yau kunya nake ji. Ta shanye shayinta ta ce, "Yaya, lamba ba ta kwasar saƙo a banza."

Washegari ta ɗauki tocila da tsani ta fara bin waya ta cikin silin. Masu shara suna ta dariya, wai injiniya ta koma farautar ɓera. Kwana biyu tana dawowa gida da yanar gizo-gizo a ɗankwali. Rana ta uku wayar ta sauka a kicin.

Bayan buhunan shinkafa ta tarar da wata tsohuwar kwamfuta duk ta yi maiƙo, da ɗan injin buga takarda a kanta. Wani ma'aikaci ne ya haɗa shekara tara da suka wuce, ya bar aiki bai rubuta ko'ina ba. Shugabar masu girki ta ce, "Ah, wannan? Ai da shi muke rayuwa, 'yar nan. Da ya yi ƙara sai mu yaga mu liƙa a faranti." Ita duk zatonta likitoci ke aiko mata kai tsaye.

Wakeji ta kira shugaban nasu. Yana tsaye cikin tururin tukwane injin ya yi kirrr, takarda ta fito: gado na sha biyu, ɗakin yara, kar a ba shi gyaɗa. Ya karanta ya sake karantawa. Bai ba ta haƙuri ba, irinsu ba sa bayarwa, amma da bironsa ya cike gurbin nan: kicin.

Watan jiya hawan jini ya kwantar da Inna a asibitin. Aka kawo abincin rana da 'yar takarda a jikin faranti. Ta kai cokali ɗaya baki ta yamutsa fuska.

"Wane mara tausayin ne ya hana a sa min gishiri?"

Na ce, "Likita ne ya hana, Inna, amma autarki ce ta kai saƙon kicin." Na kwashe labarin duka na ba ta, ina yi ina ji kaina na kumbura.

Inna ta ajiye cokalin. Ta ɓare takardar a hankali, ta goge maiƙon da bakin mayafinta, ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashin kai. Sannan ta jawo farantin ta cinye tas.