Tafin Bawa a Bakin Rijiya

Shekara bakwai ke nan da muka binne wana Bawa. Tunda masu yabonsa sun yi yawa, ni zan fara da laifin da ya yi mini: ya shafe sunana. Da hannunsa ya shafe shi, da rana tsaka, a gaban mata da yara.

Ga yadda aka yi. Garinmu yana kusa da Bangi, kuma gida shida ne kaɗai na masu bin Almasihu a cikinsa. Tsohuwar rijiyar gari ta soma ƙafewa, in rani ya yi nisa sai mata su kwashi tuluna su tafi fadama, su dawo rana ta take. Bawa, wanda yake yi mana karatu da wa'azi ran Lahadi, ya ce a haƙa sabuwa. Shekarar da aka sauke tutar Faransa ke nan. Shi ya faɗa da baki, amma ni na shiga ramin. Gaba goma sha tara, wata biyar, ina saran marmara da dagi har wuta na tashi. Yatsuna biyu na hannun hagu har yau ba sa lanƙwashewa, tarin da na kwaso a can ƙasa kuwa shi ke tada ni kullum kafin zakara.

Ran da aka zuba siminti a bakin rijiya, tun yana ɗanye na ɗauki ƙusa na rubuta TANKARI. Karatuna a lakwal bai wuce shekara biyu ba, amma wannan kalma ɗaya na iya ta sarai. Bawa ya zo ya duba. Bai yi faɗa ba. Ya ɗora tafinsa a kai ya danna, ya murza.

"Ƙanena, wa ya riƙe maka igiya?"

Na ce, "Igiya ta haƙa rijiya?"

"A'a. Amma da sun saki, da kabari ka haƙa."

Mata suka bushe da dariya. Sai ya shiga lissafo su: ƴaƴan liman uku da suka ja ni sama da ƙasa, makiyayan da suka kawo mana nono ba a tambaye su ba, matan da suka kwashe ƙasa da kawunansu. Ya ce in tuna addu'ar da Ubangiji Yesu ya koya mana, in nuna masa inda aka ce "ni" a cikinta. Abinci ma, a ba mu aka ce. Na jefar da ƙusar na tafi. A raina na ce kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Shekara biyu ban sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi ba. Ran da ciwo ya kayar da shi aka aiko in zo. Ya kama hannuna, wannan mai matattun yatsu, ya ce, "Mu munka yi rijiya, Tankari." Na ce, "Ni na yi." Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya. Wanda ke neman labari mai daɗi ya juya shafi.

Tun daga nan ban samu zama ba. In na je gona hankalina na rijiya, in na je rijiya ban san abin da ya kawo ni ba. Sai in tsaya ina kallon shatin tafin nan, da simintin ya bushe da shi, yatsu biyar reras. Matan gari kan dafa shi in za su sauke tulu. Yara kan gwada nasu hannun a ciki, su ga ko sun girma. Babu mai cewa rijiyar Tankari. Babu ma mai cewa rijiyar Bawa, ko ta Kirista. Rijiyarmu ake cewa, liman ya faɗa, mu mu faɗa. Na daɗe ina jin haushin wannan kalma kafin in lura cewa saboda ita ce ba a taɓa korar matanmu daga layin ruwa ba, kamar yadda na ji ana yi a wasu wurare.

Ina tambayar kaina, da Bawa zai ɗago kai yau, me zai ce? Yanzu kowa so yake a kira shi shugaban wani abu. An kafa ƙungiyar manoman auduga, kafin a shuka iri an yi dambe a kan kujera. Samari na dawowa daga cin rani da rediyo a kafaɗa, kowa na ƙure tasa don a san ta wane ce. A majami'armu ma, gida shida, mutum uku ke son tsayawa gaba. Kuma ba ni da bakin zaginsu, don ni na riga su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya san karin maganar, amma kowa so yake a ce nasa hannun ne a sama.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Dauda, ɗan Bawa na fari, wanda yanzu ke aikin biro, wato ofis, a Madawa. Makon jiya ya sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, da allon ƙarfe a hammata, an yi masa fenti shuɗi. An rubuta sunan ubansa da manyan baƙaƙe. Zai kafa shi a bakin rijiya, daidai kan shatin tafin, don nan ne simintin ya fi faɗi. Ya same ni a can ya durƙusa.

"Bappa, na san an ɓata maka. Duba ƙasa, na sa an rubuta naka kai ma."

Na duba. Ga shi nan, TANKARI, da farin fenti, ya fi wanda na yi da ƙusa kyau nesa. Shekara tara ina jiran wannan abu. Na shafa shi da yatsa. A gefenmu wata tsohuwa, uwar ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe mini igiya, tana kokawa da wasaki, ta dafa tafin nan da hannu ɗaya don kada ta faɗi.

Na miƙa masa allonsa, na ce masa ido da ido:

"Dauda, ubanka ya cuce ni, kuma ban gama yahe mishi ba. Amma abin da bai bari in yi ba, kai ba ka yin shi da sunanshi. Sunana na nan ƙarƙashin wanga tahi, da na ƴaƴan liman, da na uwarka da ta ɗauki ƙasa da ƙanenka a goye. Ka ruhe shi da ƙarhe, ka shahe mu duka. Kai allonka biro ka rataya. In ko ubanka kake son girmamawa, tuɓe rigar nan ka ja ma tsohuwag ga ruwa."