Kulolin Dillaliyar Gwaram

Bayan na fita takabar maigidana, gidanmu na Birnin Kudu ya yi mini faɗi. 'Ya'yana duk suna Kano, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai kaji.

Wata ranar kasuwa wata dillaliya daga Gwaram ta yi sallama da ƙullin kaya a ka, irin masu bi gida-gida su ba ka kaya ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ta kwance, sai ga saitin kulolin abinci guda uku. Ni da gwangwani ɗaya na shinkafa ke kai ni gobe, me zan yi da kula? Amma na ɗauka, don ta ce duk ranar kasuwa za ta biyo ta karɓi abin da ya samu.

In ta zo sai in shimfiɗa tabarma, in dama mata fura, ta miƙe ƙafa tana ba ni labarin garuruwan Sara da Kwandiko: wa ya aurar, wa damina ta yi wa kyau, wa ta haifi tagwaye. Baki gare ta kamar rediyo, ni kuwa abin nema ya samu.

Gaskiya kuɗin kulolin suna nan cif a ƙarƙashin katifata. Amma na san ranar da na gama biya, ta daina zuwa ke nan. Sai na shiga rage abin da nake ba ta.

"Hajiya, yau ma ɗan wannan?"

"Ki yi haƙuri, gari ya yi zafi."

Ta yi dariya ta ɗaure a bakin zane. Ina jin ta gane, amma ba ta taɓa tona ni ba.

Rannan babban ɗana ya zo daga Kano ya tarar da mu. Da ya ji abin da ya kawo ta, fuskarsa ta canza. Nan take ya zaro sauran kuɗin ya miƙa mata.

"Inna, ina raye a ce kina cin bashi? Baiwar Allah, don Allah kar ki ƙara ba ta kaya. Duk abin da take so, ta faɗa mini."

Ta ce to, ta tashi, furar ma ba ta shanye ba. Na sa masa albarka, don abin da ɗa nagari zai yi ya yi. Da ya tafi na shiga ɗaki na yi kuka.

Ta riƙe alkawarin da ta yi masa. Ranar kasuwa nakan jiyo sallamarta a gidan maƙwabta, sannan ta wuce. Kulolin suna nan a kan kabad, yanzu nawa ne halak malak, kuma har yau ban sami wanda zan zuba wa abinci a ciki ba.