Karan da Jaki Ya Cinye a Minjibir

Ranar Talata

Ana idar da sallar asuba na ɗaure wa jaki akumari, na bar ƙauyenmu da ke kudu da Ɗanbatta. Inna ce ta tayar da ni. Ƙarfinta ya soma ƙarewa, kuma ta ce kafin ta cika tana son in saƙa mata irin zanen da marigayi Baba ya saƙa mata na aure. Nata ya mutu tuntuni. Irinsa ɗaya da Baba ya saƙa tare da shi ya rage, yana Minjibir wurin ƙanwarsa, Gwaggo Dije.

Da hantsi na sha fura a gindin wata tsamiya. Gero ya rufe hanya hagu da dama, jaki kuwa bai wuce gona ba tare da ya gaishe ta ba. Da la'asar sakaliya mai tsaron ƙofar Minjibir ya leƙa mangalata, ya ga zare kawai, ya ce in wuce.

Laraba, Minjibir

Gwaggo tana da adudu bakwai cike da tufafin kakanni. Ta buɗe, ƙanshin tazargade ya cika ɗaki. Ga kore mai sheƙi, ga rigar tsamiya, ga rawanin da ya girme ta, ga kuma zanen da na zo nema.

"Duba da ido, Ɗanladi. Ko ƙyalle ba ya barin gabana."

Na yi yadda masaƙa ke yi. Na ƙirga zaren zanen, baƙi da fari da ja, na nannaɗe kowanne a jikin kara bisa tsarinsa. Wannan ya cinye min yini guda.

Alhamis

Na jingine karan a danga, na shiga sallama. Ina fitowa na tarar da jan zare yana lilo a bakin jaki. Kunya ta kama ni.

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. "Masaƙin kirki a hannu yake riƙe karansa. Kawo jakin nan. Zane ba ya barin gabana, to ni zan bi shi."

Ta hau, na bi a ƙasa, tana yi min tsiya har gida.

Mun iso gab da magariba. Inna ta shimfiɗa zanen a cinya tana shafawa, sai yatsanta ya tsaya kan wani ƙulli.

"Nan zaren Babanka ya tsinke," in ji ta. "Na zo wucewa da tulu, ya bi ni da kallo. Idan ka saƙa, ka sa min ƙullin."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na kuma yafe wa jaki.