Randar da Na Ba Malam

Ranar da mijina Malam ya rasu, masu haƙar kabari suka aiko cewa itacen rufi bai isa ba. Na ce a ɗauki randata ta aure a fasa a cike da ita. Randa ce mai zanen ƙayar kifi a wuya, uwata ta sayo mini a kasuwar Dutsin-Ma. Ko ba komai, wani abu nawa yana tare da shi.

Maƙabartarmu tana bakin rafi, ta hanyar Barkiya. Da ƙuruciyata, da tulu a kai muke tsallake rafin nan. Yanzu sai a yi kwana da kwanaki ba ɗigo, gero ya yi yaushi, sannan ruwan wata guda ya sauko da hantsi ɗaya. Da rani kuma motoci su ƙwaƙule yashinsa. Kowace damina sai ya ci gaɓa.

Mai gari ya kai kuka. Aka turo mutane da igiyar awo, suka ce za a yi shingen dutse, ba mu sake ganinsu ba. Bana da ruwa ya ɓalle, wasu suka zo rubuta gidajen da suka faɗi. Na yafa mayafi na fita, na ce a rubuta maƙabarta. Mai rubutun ya ce, "Inna, sai haƙuri, takardar nan ba gurbin kabari."

Mace ba ta shiga maƙabarta. Maza suka tattara abin da ruwa ya tono, suka sake binnewa a tudu. Babban ɗana ya ce ruwa bai kai wurin babansu ba, amma yana faɗi yana kallon takalminsa. Na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in ɗora tukunya in manta da ita.

Da ruwa ya janye, na bi mata wanki can ƙasa da maƙabarta. Nan na taka tsingaro a yashi, da zanen ƙayar kifi. Maƙwabciyata ta ce randa mai irin zanen ta fi gashin kaina yawa. Na nuna mata giɓin da akuyarmu ta taɓa yi a bakin randar. Ta koma kan wankinta.

Na ƙulle shi a haɓar zane, ina kuka har gida. Na miƙa wa ɗana na ce, "Kai shi tudu, ka sa inda kuka sa su."

Da hannu biyu ya karɓa. Bai yi musu ba.