Ranar da Na Ba Maƙwabcina Kifin Roba

Ni na kawo kifin roba cikin 'yan fatsar bakin tekun unguwar Mahjar, kuma har yau abin yana cina. Tsawonsa kamar tafin hannu, da ƙugiya a ciki, idan kana jansa a ruwa sai ya riƙa kaɗa wutsiya. Mai shagon da ya sayar mini ya ce manyan kifayen nan da ake kira hamur kaɗai ke haɗiye shi. Na ƙara gishiri, na ce wa maƙwabcina har jirgin ruwa yana kamawa.

Maƙwabcin nan ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, tun da ya zo umra, kuma kifin da yake kamawa duk Juma'a shi ne naman miyar gidansa. Irinsu a zaune suke fatsa da jatan lande, fuska ga teku, baya ga titi, ba mai lura da su. Kifin roba kuwa sai a tsaye, ka jefa ka jawo. Ni da takarduna a aljihu ban tuna wannan ba, na matsa masa har ya karɓi sandar fatsata mai kifin roba.

A jifa na biyar babban kifi ya haɗiya, sanda ta lanƙwashe. Na hau ihu da Hausa da Larabci, jama'a suka taru, wani askari, ɗan sandan ƙasar, ya tako yana murmushi.

"Alhaji, halas, shi ke nan, ka gama da ni," maƙwabcina ya ce a hankali.

Ya zaro wuƙa ya yanke zaren, ya miƙo mini sandar, ya bi bayan motoci.

Muna gaisawa a masallaci, amma bai sake zuwa bakin teku ba. Ban tambaye shi da me ake miya yanzu ba.