Likitan Haƙori da Dokin da Ya Ƙi Magani

Baba Buɗe-Baki ya ƙare ƙuruciyarsa yana cire haƙoran mutane a wani ɗan ɗaki da ke saman shagon tela. Ko a titi ka gaishe shi, bakinka yake kallo. Mutumin kirki ne, sai dai ya tsani sukari kamar shi ya kashe masa uba. Ya hana shigowa da shi gidansa, kuma in baƙo ya kawo wa yara alawa, a ƙofa ake karɓewa a bi shi da wa'azi.

Bayan ya ajiye aiki sai wansa mai amalanke ya rasu, ya bar masa wani tsohon doki kili mai kumburarrun gwiwoyi. Dangi suka ce ya sayar ya huta. Ya ce shi bai taɓa sallamar majinyaci bai warke ba. Matarsa ta ce ƙarya ne, da yawa guduwa suka yi da ƙafarsu. Duk da haka ya gyara rumfar bayan gida ya ɗaure dokin.

Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya bar garin magani mai ɗacin gaske, ya kuma faɗi gaskiya: in dokin bai riƙa sha kullum ba, wata rana zai kwanta ya kasa tashi, daga nan sai dai allurar da za ta hutar da shi. Aka barbaɗa a dusa, dokin ya hura hanci ya juya baya. Aka zuba a ruwa, ya shure bokitin. Likitan dabbobi ya ce a ɓoye maganin cikin wani abu mai zaƙi. Baba ya dube shi kamar ya zage shi, ya raka shi ƙofa.

Washegari ya shiga kicin, wurin da a da ko ina ake ajiye ashana bai sani ba. Ya sa safar hannu da takunkumin fuska, ya goga karas, ya kwaɓa da dusa da garin alkama da maganin, ya mulmula, ya jera a tire ya tura cikin tanda. Abin ya fito kamar duwatsun bakin hanya. Matarsa ta ƙwanƙwasa ɗaya a kan tebur, ta ce kash, da yana aiki har yanzu da wannan kaɗai ya ishe shi samun masu karyayyen haƙori.

Dokin ya shinshina, ya ɗauki ɗaya don kara, ya juya shi a baki, ya ajiye masa a kan takalmi. Baba ya ce masa ya buɗe baki. Dokin ya dube shi ya ci gaba da korar ƙuda.

Ya sake gwadawa da gishiri. Ya gwada da na'ana'a, har gidan ya ɗauki ƙanshin man goge baki. Autarsa, wadda ta yi aure amma ba ta rabuwa da gidan, ta watsa wa kaji ragowar, ta dawo ta ba shi labarin cewa su ma sun ce a gaishe shi. Bai yi dariya ba. Gwiwoyin dokin sai ƙara hawa suke yi.

Wata safiya ya tarar da dokin a kwance. Ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa, da ƙyar ya miƙe yana rawar jiki. Baba ya jima a tsaye riƙe da igiya. Daga nan ya wuce kicin ya tsaya bayan matarsa.

"Maman yara."

"Na'am, Likita."

"Ina kike ɓoye shi?"

"Me fa?"

"Kin san me. Ni na cike haƙoran yaran nan da hannuna. Ba iska ce ta huda su ba."

Ba ta yi musu ba. Ta goge hannu a zani, ta ja shi ɗakin tarkace, inda kujerarsa ta farko ta cire haƙori take lulluɓe da tsohon labule tun da ta lalace ya kawo ta gida. Ta jawo aljihun da ke ƙarƙashinta, sai ga gwangwanin sukari da kwalbar zuma. Ta ce nan ne kaɗai ta tabbata yara ba za su je da kansu ba, shi kuma bayansa ba ya sunkuyawa.

Da ya zo zubawa, ƙaramin cokali ya ɗauka, ya shafe bakin cokalin da wuƙa. Ta karɓe kwalbar zumar ta tuntsura a cikin kwaɓin.

"Ba ɗanka ba ne, balle ya haɗiye don tsoronka."

Ita ta kwaɓa, ta ce a cire da wuri tun yana da laushi, tunda haƙoran majinyacin sun cinye. A nan aikinsa ya yi rana. Ya huda kowane curi da ɗan ƙarfensa, ya dura maganin a tsakiya, ya liƙe bakin ramin sumul yadda ko ita ba ta gane wurin ba.

Ya miƙa a tafin hannu. Dokin ya lashe, ya tauna, ya haɗiye, ya cusa hanci a aljihun rigarsa yana neman ƙari.

Dokin dai bai koma saurayi ba. Har yanzu yana ɗingishi, amma da safe da kansa yake miƙewa, ya tsaya yana kallon tagar kicin. Baba yakan gasa masa curin maganin duk ƙarshen mako, da safar hannunsa da komai. Rannan Auta ta same shi a kai, ta miƙa yatsa za ta lakaci zumar, ya janye kwalbar.

"Haba Baba, doki ya fi ni ke nan?"

"In gwiwarki ta kumbura, ki zo."