Muryar Tsohuwar Hajiya a Bakina

Da damina aka ɗauke ni daga Maƙarfi aka kai ni wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke gaba da Saulawa, aka ce ni ce shugaba. Masara ta riga ta fi mutum tsawo, sai ka zo dab da ƙofa kafin ka ga ginin. 'Yan ɗakuna ne da baranda, sai bishiyar mangwaro a tsakar fili. Ma'aikatan da na tarar ba su da yawa: wata nas matashiya, da wani dattijo mai ba da magani da kowa ke kira Baba, sai mai shara da mai gadi. Wadda na gada, tsohuwar Hajiya kamar yadda suke ce mata, ta rasu tun kafin saukar ruwan fari. Ban taɓa ganinta ba.

Kafin in zo an kai mu wata bita a Zariya, inda aka koya mana yadda shugaba zai yi wa na ƙasa da shi gyara: a keɓe, ya fara da yabo, sannan shi ma ya ba da dama a faɗa masa nasa kuskuren. Abin ya kwanta mini, don ko a gidanmu an san ni da sanyin magana.

Gyaran farko a kan nas ɗin ya faɗa. Ta bar akwatin allurar rigakafi a buɗe a baranda har ƙanƙarar ta fara narkewa. Na kira ta ofis, na tura ƙofa, na yaba mata yadda take lallashin iyaye mata. Daga nan sai na ga na cire tabarau na ajiye, na ƙwanƙwasa tebur da yatsa, na ji bakina ya ce, "Ke, ke, dube ni nan. Rayukan 'ya'yan mutane ne a akwatin nan."

Ban ɗaga murya ba. Amma muryar ta fito da kauri, daga can ƙasan maƙogwaro, kuma ni ban saba ce wa mutum "ke, ke" ba. Yarinyar ba ta kalli idona ba, bakina ta ƙura wa ido. Ta miƙe a hankali ta fita da baya, ta bar mayafinta a kan benci. Na ɗauka gajiya ce da sanyin damina suka shaƙe ni.

Na sa muka riƙa zama duk ranar Alhamis bayan an sallami marasa lafiya. Nakan faɗi abin da na ga ya gyaru da abin da ya rage, sannan in ce su ma su faɗa mini inda nake kuskure. Kullum amsar ɗaya ce, babu komai, Allah Ya ƙara girma. Abin da ya dame ni shi ne, duk lokacin da nake magana, dukansu bakina suke kallo, har mai gadi da ke tsugune a bakin ƙofa.

Wata ranar kasuwa aka kawo wata tsohuwar Bafulatana daga ruga, idanunta duk yana ta rufe su. Ina bayan labule ina yi wa mai shara magana a kan bokitin da ta bari a hanya, sai tsohuwar ta washe baki ta ce ashe Hajiya ta dawo, ita da aka ce mata ta rasu. Ta jero mini gaisuwa da Fulatanci, ni kuma na amsa mata, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Ban iya Fulatanci ba. Na ce wa kaina duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya sha jin gaisuwar a kasuwa, ta zauna masa a ka. Amma mai shara ta ajiye tsintsiya ta fita, ba ta dawo ba sai washegari.

A ranar, bayan azahar, Baba ya ce yana son magana da ni, amma ba a ofis ba. Muka zauna a gindin mangwaro. Ya fara da gaisuwa kamar ba mu wuni tare ba, ya tambayi maigidana da yara, sannan ya tambaye ni ko na san marigayiyar, ko wani ya taɓa kwaikwaya mini maganarta. Na ce a'a.

"Anti, kin ce a faɗa miki gaskiya," in ji shi. "In kina hira, ke ce. Amma da kin fara gyara, ita muke ji. Cire tabaran, da bugun teburin, da kiran mutum sau biyu, duk nata ne."

Na juya na dubi awakin da suke kiwo a gabanmu, ga rana tsaka. Ya ce marigayiyar mace ce mai aiki, ba ta zagi, ba ta taɓa kayan asibiti, sai dai ba a faɗa mata magana. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi, tun da safe suka ga bakinta ya ɗan karkace, maganarta tana ja. Kowa ya gani, kowa ya jira wani ya fara. Haka ta duba marasa lafiya har la'asar, sannan aka ji faɗuwarta a ofis, daga nan ba ta sake tashi ba. Shi ya sa suke kallon bakina. Ya ce shi dai ya yi wa Allah alkawari ba zai sake gani ya yi shiru ba.

Da farko haushi na ji. Na so in ce masa camfi ne, har na kai hannu ga tabarau. Sai na ga idonsa ya bi hannun. Na mayar da shi cinya na danne da ɗayan, na ce na gode. Da yamma na kira maigidana a waya, ban faɗa masa komai ba. Muna cikin magana a kan yaronmu da ya ƙi zuwa islamiyya, sai ya katse ni, ya tambaye ni ko da wata a kusa da ni.

Washegari na sa aka fito da teburina baranda. Na tara su na ce duk wanda ya ji muryata ta sauya, ya tsayar da ni nan take, ko a gaban wa ne. An ɗauki lokaci kafin wani ya iya. Nas ɗin ce ta fara, ta ce: "Anti, ta zo." Na dakata, na sha ruwa, na yi a'uziyya, na sake maganar da muryata. Daga baya suka saba, har suka fara faɗa mini wasu abubuwan: cewa ina sauya ranar awo ba tare da shawara ba, cewa ina katse mutum kafin ya gama. Ita nas ɗin ce kuma ta matsa sai da ta auna jinina, aka ga ya ɗan hau, na fara shan magani.

Da kaka muka haɗu muka yi wa marigayiyar sadaka, liman ya zo ya yi addu'a. 'Yarta ta zo daga Hunƙuyi, mace mai kamar shekaruna. Ta ce labari ya kai mata. Ta ciro waya za ta nuna mini hoton mahaifiyarta, na ce ta bari. Ta dube ni sosai ta ce ba mu yi kama ba ko kaɗan, mahaifiyarta doguwa ce, baƙa.

Sai ta roƙe ni in bar ta ta ɗan zauna a baranda ina aiki. Ta zauna a ƙarshen benci cikin masu jiran awo, ta rufe ido. Na duba mata masu ciki, na yi wa wani magidanci faɗa a kan maganin da ya raba wa maƙwabta bai shanye ba. Ban san me ta ji ba, ban kuma tambaya ba. Da la'asar ta miƙe, ta share fuska da gefen hijabi, ta yi mini godiya, ta hau babur ta tafi.